Shafaffu Da Mai Da 'Yan Bora A Tattalin Arzikin Nijeriya

Da wuya a sami wata ɗabi'a da Hausawa suka tara wa sunaye kamar ɗabi'ar fifita wani a kan wani ba bisa cancanta ba. Idan ana so a fito da ita fili, sai a kira ta son kai, ko son zuciya, ko nuna bambanci, ko wariya. Idan kuwa ana so a sakaya ta, sai a ce alfarma ce, ko sanayya, ko gata, ko kamun ƙafa. Wanda ya ci moriyarta shi ake kira ɗan lele, ko ɗan gaban goshi, ko shafaffe da mai, ko mai uwa a gindin murhu, ko ɗan mowa. Shi kuwa wanda aka tauye wa hakki, sunan da aka fi saninsa da shi guda ne, wato ɗan bora.

Wannan tarin sunaye yana nuna yadda al'amarin ya yi kanta a cikin jama'a, yana kuma nuna yadda ake kallonsa da fuska biyu. Mutumin da ya yi tir da son kai da safe saboda an hana shi kwangila, shi ne zai yi godiyar alfarma da yamma saboda an ɗauki ɗansa aiki ba tare da jarrabawa ba. Alhali kuwa abu ɗaya ne ya faru a wuraren biyu, illa dai a na farko yana bakin ƙofa, a na biyu kuma yana daga ciki.

Ga ɗan kasuwa, wannan batu ya wuce na wa'azi a kan kyawawan ɗabi'u. Tarihin tattalin arzikin Nijeriya tun kafin samun mulkin kai ya nuna cewa son kai haraji ne wanda ba a rubuta shi a kasafin kuɗi ba, mai bin ƙa'ida ke biyansa, shafaffe da mai ya karɓa. Tarihin ya kuma nuna inda ake haihuwarsa. Duk inda hukuma ta sa wa abu ɗaya farashi biyu, sa'annan ta damƙa wa wani jami'i ikon zaɓen wanda zai sami mai rahusar, to a nan ne 'yan mowa da 'yan bora suke rabuwa.

Kowace kalma da gurbinta

Ya kamata a fara da bambance kalmomin, domin ba duka suke nufin abu ɗaya ba. Akwai fifikon da tushensa jini ne, inda mai riƙe da muƙami zai cusa ƙanensa ko surukinsa ko ɗan 'yar'uwarsa. Wannan shi ne tuwona maina. Turawa sun samo sunan da suke kiran wannan nau'i ne daga kalmar da ke nufin ɗan ɗan'uwa, saboda al'adar wasu Fafaroma na zamanin da ta naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu a manyan muƙaman coci, har sai da Fafaroma Innocent na 12 ya haramta yin haka a 1692.

Akwai fifikon abota, na abokin makaranta ko abokin bariki ko abokin majalisar hira, wanda shi ne ainihin abin da ake kira sanayya. Akwai na siyasa, inda ubangida ke saka wa yaransa da kwangila ko kujera a hukumar gudanarwar wani kamfanin gwamnati bayan an ci zaɓe. Akwai kuma ƙabilanci da ɓangaranci da bambancin addini, waɗanda suka fi sauran faɗi, domin a nan ba sai an san mutum ba, sunansa kaɗai ya isa a buɗe masa ƙofa ko a rufe.

Dukansu sun sha bamban da cin hanci ta wata fuska mai muhimmanci. Hanci yana da farashi, kuma idan an yi sa'a ana iya kama mai bayarwa da mai karɓa da shaida a hannu. Ita kuwa alfarma, sau da yawa ba a miƙa ko sisin kwabo a ranar da aka yi ta. Bashi ne na mutunci wanda za a biya bayan shekaru, ranar zaɓe, ko ranar da ɗan jami'in ya ƙare makaranta yana neman aiki. Saboda haka doka takan sha wahalar kama ta, jama'a kuma ba su ɗauke ta abin kunya ba.

Ciwon da ba shi da jiha

Masu neman jingina wannan ciwo ga wani ɓangare na ƙasar ba su duba tarihi ba. A 1956 kwamitin bincike na Foster-Sutton ya binciki yadda aka zuba kuɗin gwamnatin Jihar Gabas a bankin African Continental, wanda ke da alaƙa da iyalin Firimiyan jihar, Dokta Nnamdi Azikiwe. A 1962 kwamitin Coker ya bankaɗo yadda kuɗin hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Yamma suka kwarara zuwa wani kamfani da ke hannun jiga-jigan jam'iyyar da ke mulkin jihar. A Jihar Arewa ma, samun lasin zama wakilin sayen gyaɗa da auduga ya fi sauƙi ga wanda ke ɗasawa da jam'iyya mai mulki da hukumar En'e, fiye da wanda aka sani da ra'ayin hamayya.

Amma inda abin ya fi bunƙasa shi ne zamanin takardar izinin shigo da kaya. Bayan faɗuwar farashin man fetur, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu 1982, aka ƙara ɗaure shigo da kaya da lasin. A lokacin farashin hukuma ya nuna Naira ta fi Dalar Amurka daraja, alhali a kasuwar bayan fage labarin ya sha bamban. Duk wanda ya sami lasin ya sami damar sayen Dala da araha, don haka takardar kanta ta zama haja.

Mutanen da ba su da ko rumfa a kasuwa suka riƙa samun lasin shigo da shinkafa da madara da kayan gyaran injuna, su kuma su sayar da shi ga masu masana'antu na Ikeja da Aba da Bompai da Kakuri. Mai masana'anta da ya bi layi a Ma'aikatar Ciniki yakan shafe watanni yana jira, injunansa a tsaye, ma'aikatansa a gida. Sakamakon haka shi ne dogayen layukan sayen kayan masarufi da aka gani a 1984, lokacin da samun gwangwanin madara da ƙullin sukari ya zama sai mai hanya.

Masana tattalin arziki sun daɗe da auna irin wannan asara. A 1974 wata masaniya ta Amurka, Anne Krueger, ta ƙiyasta cewa garaɓasar da ke tattare da lasin shigo da kaya a ƙasar Turkiyya a 1968 ta kai kimanin kashi 15 cikin 100 na dukan abin da ƙasar ta samar a shekarar. Bayaninta shi ne cewa idan garaɓasa ta kai wannan girma, mutane masu basira za su bar noma da ƙira da fatauci, su koma zaman jiran takarda a ƙofar ofis.

Farashi biyu, ƙofa ɗaya

A watan Satumba 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke tsarin lasin, ta buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu, inda a gwanjon farko Dala ta haura Naira 4. An rufe ƙofa guda, amma nan da nan wata ta buɗe. Tun da bankuna ne ke karɓar kason kuɗin musaya daga Babban Bankin Nijeriya, sai lasin kafa banki ya zama sabuwar alfarma. Yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 a 1986 zuwa kimanin 120 a 1992. Da dama daga cikinsu ba su damu da ajiyar talaka ko rancen manomi ba, sana'arsu ita ce karɓo Dala a farashin hukuma su karkatar da ita.

A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaure Dala a kan Naira 22. Daga 1995 aka bar wannan farashi don wasu harkokin gwamnati, sauran jama'a kuwa suna saye a kan fiye da Naira 80, har zuwa watan Janairu 1999 da aka soke tsarin. Lissafin ba ya bukatar digiri. Wanda ya sami Dala miliyan 1 a kan Naira 22 ya biya Naira miliyan 22. Idan ya sayar a kan Naira 84 ya karɓi Naira miliyan 84. Ribar Naira miliyan 62 ke nan cikin 'yan kwanaki, ba tare da ya ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba, ba tare da ya kunna inji ba. Babu masaƙa ko kamfanin matse man gyaɗa da zai iya yin gogayya da wannan.

Abin mamaki, bayan shekara 16 sai aka sake komawa gidan jiya. A watan Yuni 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da kayayyaki iri 41 samun kuɗin musaya daga hannun hukuma, aka riƙe Dala a ƙasa da Naira 200 har tsawon shekara guda. A watan Fabrairu 2017 farashin hukuma yana wajen Naira 305, na bayan fage ya haura Naira 500. A farkon watan Yuni 2023 na hukuma yana wajen Naira 460, na bayan fage kuwa wajen Naira 750. A duk tsawon waɗannan shekaru, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai shigo da kaya ita ce wa ya sani a banki, domin mutum biyu masu sayar da haja iri ɗaya a Kantin Kwari ko a kasuwar Balogun suna iya samun Dala a farashin da ya bambanta da Naira ɗaruruwa.

Haka labarin yake a harkar tallafin man fetur. Rahoton kwamitin Majalisar Wakilai na watan Afrilu 2012 ya nuna cewa kamfanonin da ke cikin shirin shigo da mai sun tashi daga ƙasa da 10 a 2006 zuwa 140 a 2011, shekarar da aka ware Naira biliyan 245 don tallafin amma aka kashe fiye da Naira tiriliyan 1. A harkar takin zamani kuwa, Ma'aikatar Gona ta Tarayya da kanta ta bayyana, lokacin da take ƙaddamar da rabon taki ta wayar hannu a 2012, cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai na manoma ke samun takin da gwamnati ke tallafawa a ƙarƙashin tsohon tsari. Saura yakan bi ta hannun masu takardar kaso, ya ɓulla a kasuwa da farashin da ya ninka.

Alfarma da kuɗin ajiya

Kada a ɗauka cewa ofisoshin gwamnati kaɗai ne matattarar son kai. Abin da ya durƙusar da bankuna masu yawa a Nijeriya shi ne rancen da shugabanni da daraktoci suka bai wa kansu da 'yan'uwansu da abokansu, ba tare da jingina mai ƙwari ba. Wannan ne ya sa aka kafa dokar soja mai lamba 18 ta 1994 da kotunan musamman na bankunan da suka durƙushe, kuma a watan Janairu 1998 aka soke lasin bankuna 26 a rana ɗaya. 'Yan kasuwa da 'yan fansho da suka ajiye guminsu a waɗannan bankuna su ne suka biya kuɗin alfarmar da ba su ji ba, ba su gani ba.

Haɗe bankuna 89 zuwa 25 da aka yi a 2005 ya ƙara musu jari, amma bai sauya hali ba. Ranar 14 ga watan Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu Naira biliyan 420, daga baya jimlar kuɗin ceton ta kai Naira biliyan 620. Da aka buga sunayen manyan masu bashi a jaridu, jama'a sun ga cewa yawancinsu sanannu ne masu faɗa a ji. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don saye rubabbun basussukan. Ƙaramin ɗan kasuwa da aka hana rancen Naira miliyan 2 saboda ba shi da takardar mallakar fili, ya ga yadda wasu suka karɓi biliyoyi da katin suna kawai.

Abin da ake asara

Asara ta farko ita ce tsada. Ɗan kwangilar da ya san ba shi da abokin takara ba shi da dalilin rage farashi ko kyautata aiki, kuma hanyar da ya yi za ta farfashe kafin damina biyu. Direban da ke ɗauko tumatir da albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas shi zai biya da tayoyinsa da lokacinsa, mai saye kuma ya biya a farashin kwando.

Ta biyu ita ce karkatar da basira. Matashin da ya ga cewa mai takarda ya fi mai masana'anta samu, zai koyi fadanci ya bar sana'a. Jarin da ya kamata ya shiga gona ko injin casar shinkafa sai ya tafi wajen hidimar masu muƙami da ɗaukar nauyin 'yan takara.

Ta uku ita ce rashin tabbas ga shi kansa shafaffen. Dukiyar da aka gina a kan ubangida tana rawa duk ranar da ubangidan ya yi tari. A ƙasar Indonesiya, inda Shugaba Suharto ya bai wa kamfanin ɗansa gatan ƙera motar ƙasa da rangwamen haraji a 1996, wani masani mai suna Raymond Fisman ya nuna cewa duk lokacin da jita-jitar rashin lafiyar shugaban ta bazu, hannun jarin kamfanonin da ke jingine da iyalinsa ya fi na saura faɗuwa. Suharto ya sauka a watan Mayu 1998 a tsakiyar rikicin tattalin arziki. A Nijeriya ma kowane canjin gwamnati yakan bar attajiran jiya suna sayar da gidaje.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce lalacewar yarda tsakanin jama'a. Idan ba a san ma'aunin da aka bi aka zaɓi mutum ba, kowa zai fassara zaɓin da ƙabila ko addini, ko da kuwa wanda aka zaɓa ya cancanta. Bahaushen da ke fatauci a Sabo ta Ibadan ko a Fatakwal, da Ibon da ke da shago a Sabon Gari ta Kano, su ne suka fi kowa sanin abin da irin wannan zargi ke jawowa idan ya tunzura. Ba banza ba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Bayan Wujubil Hijra, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rusa mulki.

Hujjar masu kare sanayya

Akwai masu cewa kasuwancin Bahaushe tun asali a kan sanayya aka gina shi, kuma suna da gaskiya. Fataucin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kudu ya rayu shekaru aru-aru ba tare da takardar banki ba. Maigida a zango shi ke saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya wa mahaucin da ya ɗauki shanu bashi. Ya fifita wanda ya sani a kan wanda bai sani ba, kuma ba wanda ya kira wannan zalunci.

Sai dai akwai abin lura. Idan mahaucin ya gudu, maigidan ne zai biya daga aljihunsa, kuma sunansa ne zai ɓaci a kasuwa. Saboda haka ba ya tsaya wa mutum don kawai ɗan'uwansa ne, sai ya tabbata zai biya. Sanayyarsa hanya ce ta tantance mai gaskiya. Shi kuwa jami'in gwamnati ko manajan banki da ya yi alfarma, idan abin ya lalace ba shi zai yi asara ba, masu biyan haraji ne da masu ajiya. Ma'aunin ke nan da ya raba zumunci da son kai: a aljihun wa asarar za ta faɗa. Wanda ya taimaki ɗan'uwansa da dukiyarsa ya sada zumunci. Wanda ya taimake shi da abin da aka ba shi riƙo ya ci amana, ko da wane suna aka kira abin.

Akwai kuma masu cewa ai ita kanta doka ta yarda da fifiko, suna kafa hujja da tsarin raba daidai wajen ɗaukar ma'aikata, wanda ya shiga tsarin mulkin 1979, aka kafa masa hukuma a 1996, yake kuma cikin sashe na 14 na tsarin mulkin 1999. Haka kuma suna ambaton kariyar da ake bai wa masana'antun cikin gida. Ana iya muhawara a kan amfanin waɗannan manufofi, amma sun bambanta da son kai ta hanya uku: an rubuta su, an sanar da su, kuma duk wanda ya cika sharaɗi yana da hakki a cikinsu. Ɓarnar tana farawa ne idan gurbin da aka ware wa jiha ya ƙare a gidan mutum ɗaya, ko rangwamen kwastan da aka ce na masana'antu ne ya zama na kamfani guda. Koriya ta Kudu ta fifita wasu kamfanoninta da rance mai sauƙi a shekarun 1960 da 1970, amma ta ɗaura gatan a kan yawan kayan da kamfani ya sayar a ƙasashen waje, ma'aunin da kowa ke iya gani.

Inda aka gwada aka gani

Nijeriya tana da nata misalin. Kafin 2001 layukan tarho a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma samun layin NITEL yana bukatar dogon jira da kamun ƙafa. A watan Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, a ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasin wayar hannu a bainar jama'a a Abuja. Farashi ya tsaya a kan Dala miliyan 285 kowane lasi. Kamfanonin MTN da Econet suka biya suka karɓa, ɗaya kamfanin da ya yi nasara amma bai cika sharaɗin biya ba ya rasa nasa. Zuwa 2012 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100. Jami'an hukumar da ta gudanar da gwanjon 'yan Nijeriya ne, masu dangi da abokai kamar kowa. Abin da ya bambanta shi ne tsarin bai bar wa kowa ƙofar yin alfarma ba.

Haɗe farashin musayar kuɗi da aka yi ranar 14 ga watan Yuni 2023 ya toshe babbar kafar garaɓasa, ko da yake ya zo da raɗaɗi mai tsanani. Dala ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na shekarar. Wannan raɗaɗi zai sa wasu su riƙa kiran a komo da farashi na musamman don wasu rukunoni. Kafin 'yan kasuwa su goyi bayan irin wannan kira, ya kamata su tuna da 1982 da 1995 da 2015, su tambayi kansu ko su nawa ne a cikinsu suka taɓa samun Dalar mai rahusa.

Abin da ya kamata a yi

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar bayar da kwangila ta 2007 wadda ta wajabta tallata aiki da buɗe tayi a gaban masu takara, ko da yake an shafe fiye da shekara 10 ba a ƙaddamar da majalisar ƙoli da dokar ta tanada ba. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Akwai dokar kamfanoni ta 2020 wadda ta tilasta bayyana ainihin masu iko da kowane kamfani. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Wajibi ne Gwamnatin Tarayya da na jihohi su riƙe ƙa'ida guda: duk abin da ke da ƙaranci kuma mallakar jama'a ne, ko rijiyar mai, ko filin kasuwa, ko lasin ma'adinai, a sayar da shi ta gwanjo a fili. Duk rangwamen haraji ko na kwastan, da duk rance mai sauƙin ruwa da aka bayar da kuɗin jama'a, a buga sunan wanda ya samu, da adadin, da dalili, da abin da ya biya. Idan za a tallafa wa wata sana'a, a rubuta sharaɗin yadda duk wanda ya cika shi zai samu ba tare da ya ga fuskar kowa ba.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu masana'antu su ma suna da nasu aikin. Sau da yawa idan shugabanninsu suka sami ganawa da masu mulki, sukan ɓuge da neman kaso maimakon neman gyaran ƙa'ida, kason kuma yakan tsaya a kan shugabannin. Ƙungiyar da ta nemi a buga sakamakon kowane tayin kwangila, ta kuma yi amfani da dokar 2011 wajen neman bayani, ta fi yi wa membobinta hidima fiye da wadda ta dawo da takardar rabon tirela 10 ta shinkafa.

Daga ƙarshe, gyaran yana da reshe a cikin shagon kowane ɗan kasuwa. Gidajen kasuwanci da dama sun ruguje bayan rasuwar masu su, saboda an damƙa sito da littafin kuɗi ga ɗan lele, aka bar yaron da ya shekara 20 yana riƙe da amana ba tare da matsayi ba. Attajiri yana da ikon ya yi wa ɗan'uwansa jari, ya biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta, ya aurar da su, duk daga ribarsa. Amma makullin sito da sa hannu a takardar banki hakkin wanda ya iya ne, ko ɗan gida ne ko bare. Ɗan kasuwar da ya kasa yin wannan adalci a shagonsa ba shi da bakin neman sa daga minista.

Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, haka ne. Sai dai murhun Nijeriya na mutum fiye da miliyan 200 ne, kuma uwayen da ke gindinsa ba su taɓa wuce 'yan ƙalilan ba. Mafi yawan 'yan kasuwa, komai ƙoƙarinsu na kamun ƙafa, a layin 'yan bora za su tsinci kansu. Maslaharsu tana ga farashi ɗaya, layi ɗaya, da ma'aunin da aka rubuta kowa ya gani.